Sannun da Tela Ya Aura

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin maza na babban asibiti a shekarun da Sista take aiki zai gaya maka cewa matar nan tana da wani "sannu" da babu irinsa. Ba ta ɗaga murya. Takan tsaya a gefen gado, ta ɗan karkata kai, ta ja kalmar a hankali, sai ka ga ƙaton mutum mai gemu ya lumshe ido kamar jaririn da aka goya. Akwai wani direban babbar mota da ya rantse cewa ba likita ne ya ɗora masa ƙafarsa da ta karye ba, sannun Sista ne. Mutum ɗaya ne a faɗin garin bai sa baki a wannan yabo ba, kuma shi ya fi kowa ikon magana, don shi ne mijinta. Tela ne, kowa kuma da Tela yake kiransa.

Sista 'yar ƙauye ce, ƙauyen ma na can ƙurya, inda mota ba ta zuwa sai ta ɓata hanya. Gidansu manoma ne, kuma da zarar damina ta faɗi ba a san wani abu wai shi kwanciya ba. Kakarta ce ke tantance marasa lafiya. Takan leƙa ɗaki ta saurara, in ta ji mutum yana nishi da ƙarfi sai ta ce ai wannan ƙarfin ya isa riƙe fartanya. Wanda ya yi shiru ya juya fuska bango, shi ake ɗora wa ruwan zafi, a gyara masa shimfiɗa, a kori yara daga ƙofar ɗaki. Yarinyar ta tashi tana kallon wannan, ban da kiwon awaki da aka bar mata, har ta ƙware wajen kama bunsuru ta matse shi tsakanin gwiwoyinta ta ɗura masa magani.

Wannan ƙwarewar ce ta yi mata hanya. Wata shekara masu allurar rigakafi suka zo ƙauyen. Mata da yara suka yi layi lafiya lau, maza kuwa kowa ya tuna yana da aiki a gona. Mahaifinta, wanda ke ɗaukar buhu biyu ba ya haki, ya shige bayan rumbu ya lafe. Babbar ma'aikaciyar da ta jagoranci tawagar ta tambaya ko akwai sauran mutum a gidan. Yarinyar ta zagaya bayan rumbu, ta fito riƙe da hannun ubanta irin riƙon da take wa bunsuru, tana ce masa, "Sannu Baba, yanzu za a gama." Aka kuwa gama. Matar ta dubi yarinyar, ta tambayi ajinta a makaranta, ta ce irin wannan ake nema a aikin jinya. Mahaifin ya amince nan take a tura ta makarantar nas, ba don son ilimi ba, don dai kada masu allura su sake dawowa su same ta a gida.

A makarantar nas an sha dariyarta kafin a fara girmama ta. Farin takalmin da aka ba ta, a hannu take riƙe shi har ƙofar aji don kada ya yi datti. Ranar da aka fara shiga da su ɗakin da aka tsayar da ƙwarangwal na koyarwa, sauran 'yan mata suka yi baya da ihu, ita kuwa ta matsa kusa, ta dube shi daga sama har ƙasa, tausayi ya kama ta, ta ce, "Sannu bawan Allah. Kai kam ka ji jiki." Malamar ta yi dariya har da hawaye, amma daga baya ta ce duk ajin babu wadda ta kama hanyar aikin kamar 'yar ƙauyen nan.

Shi Tela daban aka raine shi. Shi kaɗai ne namiji a tsakiyar 'yan'uwa mata, ɗan lelen uwa da gwaggonni. In ya yi atishawa sau ɗaya, mutum uku ke tasowa: mai bargo, mai man shafawa, da mai tambayar wa ya bar taga a buɗe. Ya girma da imanin cewa ciwo wani ɗan hutu ne da Allah kan ba bawansa don a lallashe shi. Ranar da allurar keken ɗinki ta huda masa yatsa, sai da unguwa ta ɗauka gobara ce. Aka kwashe shi zuwa asibiti, aka zaunar da shi gaban wata sabuwar nas mai farin takalmi tas. Ta kama yatsan, ta karkata kai, ta ce, "Sannu."

Shi ke nan, Tela ya tafi. Yatsa ya warke cikin 'yan kwanaki, amma ya yi ta komawa wankin ciwo har sai da aka rasa inda za a ɗora auduga. Amininsa mai aski, wanda shagonsa ke jikin nasa, ya ce masa, "Kai dai ka iya zaɓe. Ka auri nas, ai ka huta har tsufa. Ko tari ka yi, a gado za a kawo maka shayi." Tela ya yi murmushi irin na wanda ya riga kowa wayo. Ashe kallon kitse yake wa rogo.

Ba a daɗe da aure ba ya tashi da ɗan ciwon kai. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ja bargo har wuya, ya saita fuskarsa, ya fara nishi a hankali yana ƙara murya. Amarya ta shigo tana ɗaura agogo za ta tafi aiki. Ta ɗora bayan hannunta a goshinsa, ta ja fatar idonsa ƙasa, ta ce ya fito da harshe.

"Malam, ba ka da komai. Tashi."

"Kaina ne, kamar ana sara shi da gatari."

"Ka taɓa ganin wanda aka sara da gatari? Ni na gani jiya. Bai yi rabin surutunka ba. Sha ruwa, ka buɗe shago, mai wandon nan zai zo karɓa."

Ta fita. Tela ya kwanta yana kallon silin, yana jiran ta dawo ta ce wasa take. Ba ta dawo ba sai yamma, kuma abin da ta fara tambaya shi ne wandon.

Haka rayuwa ta miƙa. Aka tura ta ƙaramin asibitin bayan gari, ta yi shekaru tana karɓar haihuwa da ɗinke ƙafar masu faskare. Aka dawo da ita ɗakin yara, daga nan ɗakin maza, inda ta daɗe har ta zama babba, aka daina ce mata Nas aka koma Sista. Har Tela da bakinsa Sista yake ce mata, don ya ce ko ba komai sunan yana tuna masa abin da ya saya bai samu ba. 'Ya'yansu sun gane dokar gidan tun suna rarrafe. Yaro zai shigo da gwiwa a goge yana kuka, uwar ta duba ta ce, "Ƙafar tana jikinka? To, wanke ta da sabulu." Su ba su damu ba, don ba su san wani abu daban ba. Uban ne ya sani, shi ya sa abin yake ci masa rai.

Abin da ya fi ƙona shi maƙwabta. Gidan nas ai ba ya rabo da baƙi. Wannan ta kawo yaro mai zazzaɓi, wancan ya zo a auna masa jini. A falonsa, a kan kujerarsa da ya yi wa riga da hannunsa, za a zaunar da wani ƙato, shi kuma yana bayan labule yana jin matarsa tana cewa, "Sannu, ka ji? Sannu." Wata rana ya kasa haƙuri, bayan baƙo ya fita ya tare ta.

"Sista, wai ni me na yi miki? Mai gyaran famfo ma ya samu har uku yanzu a gabana."

"Mai gyaran famfo jininsa ya hau."

"Ni ma nawa yana hawa duk lokacin da na ji kina ba wani."

"Malam, sannu magani ne. Ba a shan magani sai da ciwo." Ta naɗe abin awon jininta ta sa a jaka.

Daga nan ne mai aski ya shiga maganar, kuma duk wanda ya san mai aski ya san shawararsa ba ta taɓa kai kowa tudun mun tsira ba. Shi ya ce a tsoma ma'aunin zafi cikin shayi. Tela ya tsoma, ya mayar baki, ya langaɓe. Sista ta zare, ta ɗaga shi wajen haske, ta daɗe tana dubawa. Ta ce in wannan awon gaskiya ne to ba asibiti za a kai shi ba, faranti za a kawo, don ya riga ya dahu. Aka gwada ƙin cin abinci. Tela ya mayar da kwano a rufe da rana, ya mayar da yamma, yana magana da ƙyar. Da Sista ta zo wucewa sai ta sa yatsa biyu ta cire masa ɓurɓushin burodi daga gemu, ta ajiye masa a tafin hannu.

Babbar dabarar ita ce ta zuwa asibiti. Mai aski ya ce, "Tunda a can take rabawa, je ka can ka karɓa. Kai ma ɗan ƙasa ne." Ya ara masa hula mai rufe kunne da baƙin tabarau. Tela ya yanki kati, ya bi layi tun hantsi tsakanin masu tari da masu ɗingishi, yana kwaikwayon kowa kaɗan-kaɗan. Da layi ya zo kansa ya shiga ya zauna, ya sunkuyar da kai. Sista tana wanke hannu, ta juyo, ta karkata kai kamar yadda ta saba. Tela ya kasa kunne. Ta buɗe baki ta ce, "San…" sai idonta ya sauka a wuyansa. Ya manta bai cire tef ɗin awo ba.

Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi tunda bawan Allah ya sha layi, bai kamata ya koma hannu biyu ba. Ta kira wani nas namiji da marasa lafiya ke wa laƙabi da Guduma saboda nauyin hannunsa, ta ce a ba wannan baƙo allurar ƙarin kuzari. Tela ya yi sati yana taka keken ɗinki a gicciye, da gefe guda na mazaunai. Amma da mai aski ya tambaye shi ko an dace, sai ya ce, "An samu rabi." Kuma har ga Allah ya ji daɗin rabin nan, ya daɗe yana tuna shi.

Shekaru suka tafi. Yara suka girma suka watse, sai Auta da ke aure a kusa tana leƙowa. Kan Sista ya yi fari, gwiwa ta fara ƙara in ta hau matakala, aka yi mata ritaya. Ranar bankwana asibiti ya cika. Likitoci suka yi jawabi, tsofaffin majinyata suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna ba da labarin tausayinta, direban nan na babbar mota har da kuka. Tela yana layin gaba, ya harɗe hannu. Da aka ce maigida ya faɗi wani abu game da taushin zuciyar matarsa, ya miƙe, ya gyara riga, ya ce, "To, ni ma dai ina jin labari." Jama'a suka tuntsire da dariya ana tafi, an ɗauka barkwanci ne.

A ransa ya yi lissafi cewa yanzu kam tunda babu asibiti, sannun ba shi da wurin zuwa sai gida. Gidan kuwa ya zo, amma ba wajensa ba. Sista ta koma kiwon kaji a bayan gida, jinin ƙauye ya motsa. Wata kaza ta karya ƙafa, Tela yana kallo ta taga aka ɗaura mata tsinke da bandeji, aka shafa bayanta, aka ce mata sannu har sau biyu. Ya gaya wa mai aski cewa bai taɓa zaton zai tsufa yana kishi da kaza ba.

Sai wata safiya, bayan duk sun tsufa sosai. Tela ya tashi da wani abu a cikinsa da bai taɓa jin irinsa ba. Ya buɗe baki zai yi nishin da ya yi shekaru yana gogewa, nishin ya ƙi fitowa. Ya lallaɓa zuwa ɗakin da ya mayar da kekensa tun da ya bar shago, ya zauna, ya jingina kai da bango. Shayi ya huce a gabansa. Sista tana bayan gida tana watsa wa kaji tsaba, sai ta tsaya da kwano a hannu. Ba ƙarar keke, ba tari, ba "wayyo bayana", ba komai. Gidan bai taɓa yin shiru haka ba tun da aka gina shi.

Ya ji takunta, da sauri, ba irin na mai ciwon gwiwa ba. Ta kwantar da shi, ta danna cikin a hankali, ta saki. Gumi ya karyo masa, amma ko uhum bai ce ba. Ta dube shi. Ta karkata kai.

"Sannu, Malam," ta ce. "Sannu."

Ga shi nan cikakke, ba rabi ba, mai taushi kamar ranar yatsa. Tela ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga tafin ƙafa. Tsoro ne, tsantsarsa. Shekara da shekaru matar nan ba ta taɓa kuskure a kansa ba, in ta ce ba komai to ba komai. Yau ta ce sannu.

Hanji ne ya murɗe. Aka yi masa tiyata a ranar, aka kwantar da shi a ɗakin mazan da ta yi mulki, da ƙarin ruwa a hannu da roba a hanci. Duk abin da ya yi mafarki ya samu har ya yi yawa. Sista ta kafa kujera a gefen gadon ba ta motsawa. Ta goge masa fuska, ta gyara filo, ta juya shi, da aka yarda ya ci wani abu ta riƙa ba shi da cokali tana hurawa. Kowane cokali da sannunsa. Shi kuwa kowane sannu sai ya ji kamar an ƙara matso da shi bakin rami.

Mai aski ya zo dubiya yana dogara sanda, ya ga hidima, ya yi masa raɗa, "To, abin nema ya samu!"

"Rufe mini baki," in ji Tela da 'yar muryar da ta rage. "Tafiya zan yi. Ba ka ji abin da take ta ce mini ba? Almakashina babba na bar maka."

Likita ya zo zagaye ya ce ana samun sauƙi. Tela bai yarda ba, yaron da aka haifa jiya me ya sani. Auta ta ce, "Baba, wallahi ka fi jiya." Bai yarda ba. Fuskar mutum ɗaya yake karantawa, fuskar kuwa ta ƙi tsukewa. Da suka rage su biyu ya kama gefen mayafinta.

"Sista, don girman Allah ki yi mini faɗa."

"Faɗan me, Malam?"

"Ko na mene ne. Ki ce raki ne. Ki ce kin ga wanda ya fi ni."

Ta buɗe baki, ya ga tana ƙoƙari. Matar da ta riƙe ubanta aka yi masa allura, ta ɗinke mutane ba adadi ko gezau, ta rasa kalma ɗaya mai zafi da za ta ba shi. "Sannu," ta ce, ta tashi ta fita baranda da sauri. A nan ya gane ita ma tsoro take ji, kuma wannan ya fi masa ciwon zafi.

Kwanaki suka ɗan ja. Aka cire robar hanci, aka cire ƙarin ruwa. Wata safiya nas ta zo canja filastar ciki, ta kama gefe ta fizge, filasta ta tafi da gashin cikin Tela. Ihun da ya kurma sai da mai shara ta yar da tsintsiya a ɗakin mata. Ya kira uwarsa da ta daɗe da rasuwa, ya kira gwaggonninsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce an kashe shi, a kira masa hukuma. Sista tana zuba shayi, ta tsaya cak. Ta juyo ta dube shi, ta saurari ƙarfin muryar nan da kyau. A hankali kan da ke karkace ya miƙe, girar ta haɗe, bakin ya tsuke.

"Haba Malam! Ka ji kunya. Gashi guda nawa ne? Ga yaro can an yanke masa yatsa ko tari bai yi ba, kai da furfurarka ka tara mana jama'a. Sauko da ƙafarka, yau sai ka taka har ƙarshen baranda."

Tela ya bar ihu. Ya dube ta, hawaye na gangarowa cikin gemu, yana dariya cikin na ciwo. "Ƙara faɗa," ya ce. Ta ce ba ta da lokacin shirme.

Ranar sallama Auta ta kawo mota ta tsaya a bakin ƙofa. Sista ta haɗa kaya, ta zare duk masu nauyi ta ba Auta, sannan ta rataya wa Tela jakar da ta rage, ta cusa masa filo a hammata, ta miƙa masa bokitin roba. Haka ya fito baranda, tsoho mai ɗinki a ciki, da kaya kamar mai ƙaura, yana washe baki yana gaida kowa. Masu jinya suka bi su da kallo. Wata mata ta kasa shiru ta ce, "Haba Sista, mutumin da aka yi wa aiki?"

"Ku ƙyale ta," in ji Tela. "Ta san aikinta."

Da suka doso ƙofar gilashi ta fita, ya hango kansa da Sista a jikin gilashin. Tana bayansa dab, fuska a murtuke, hannuwanta biyu a ɗan buɗe a saitin ƙugunsa, irin yadda ake bin yaro mai koyon tafiya. Bai juya ba. Ya gyara riƙon bokitin, ya ɗan saki nishi mai ƙarfi don ta samu abin faɗa.